Darasi na Bakwai: Tun Kafin a Kwanta Ake Neman Tsawon Rai

A shekarar 1960, lokacin da Nijar ta karɓi mulkin kai, masu ƙididdiga sun lissafa cewa jaririn da aka haifa a ƙasar nan, in aka yi tsaka-tsaki, abin da zai yi a duniya bai wuce shekara 35 ko 36 ba. Yau wannan lissafi ya haura shekara 60. Sai mun fahimci yadda ake fitar da adadin kafin mu gina komai a kansa, domin mutane da dama suna ɗaukar cewa wai mutanen da suna mutuwa ne da zarar sun kai talatin da biyar. Ba haka ba ne. Ku ɗauki mutum biyu: ɗaya ya rasu yana ɗan shekara ɗaya, ɗaya ya kai sittin da tara. Ku haɗa, ku raba biyu, za ku samu 35. Ke nan abin da yake jawo lissafin ƙasa shi ne yawan yaran da ake binnewa tun ba su yi wayo ba. Tsofaffi akwai su a Bune tun zamanin sarakunan Muniyo, amma kowace tsohuwa da ta haifi goma takan ƙirga nawa suka tsaya mata, nawa suka koma. Tambayar wannan darasi ita ce: shekaru ashirin da biyar ɗin nan da ƙasa ta ƙaru da su, daga ina suka fito, kuma ta wace hanya za a ƙara wasu a kansu?

Amsar ba zato ba ce, an bincika. A 2012 mujallar likitoci ta Lancet ta buga wani nazari da masana suka yi tare da hukumar ƙididdiga ta Nijar. Sun gano cewa a 1998, cikin kowane yara 1,000 da aka haifa da rai, 226 ba sa kai shekara biyar. Zuwa 2009 adadin ya sauko 128. A shekarar 2009 kaɗai, sun ƙiyasta yara kusan 59,000 ne suka rayu waɗanda da sun mutu in da abubuwa sun tsaya yadda suke a da. Da suka bi diddigin dalilan, kashi ɗaya cikin huɗu na rayukan nan sange mai magani ne ya tsare su. Sauran sun rabu tsakanin gyaruwar abincin yara, da ɗigon bitamin A, da allurar rigakafi, da ruwan gishiri da sukari haɗe da ƙwayar zinki ga mai zawo, da saurin kai yaro wurin ma'aikacin lafiya in jikinsa ya yi zafi. A cikin waɗannan babu mai bukatar ɗakin tiyata ko na'ura mai tsada. Abin da ya kai su ga jama'a shi ne ƙananan ɗakunan shan magani wajen dubu biyu da aka gina a ƙauyuka zamanin shugaba Tanja Mamadu, da kuma dokar 2006 da ta ɗauke kuɗin magani ga yara ƴan ƙasa da shekara biyar da kuɗin awo ga masu juna biyu.

Wanda ya haura hamsin a yankin Gure ba ya ma bukatar mujalla, domin idonsa ya gani. Ya san fuskokin da agana ta zane, ya kuma san cewa jikokinsa ba su taɓa ganin mai ita ba. An shelanta ƙarewarta a duniya a 1980, kuma lamba ce ta kawar da ita. Ya san kurkunu, wanda yake kwantar da manomi daidai lokacin noman farko, har gona ta cika da haki mai ita yana kallo. Jihar Damagaram tana cikin wuraren da ya fi addaba a ƙasar nan. Kurkunu ba shi da allura, ba shi da ƙwayar da ke kashe shi a jiki. Da ƙyallen tace ruwa, da rijiyar burtsatse, da hana mai ciwon tsoma ƙafarsa a tabki aka ci ƙarfinsa, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar a 2013 cewa Nijar ta rabu da shi. Sanƙarau kuwa, a annobar 1996 ya kama mutum wajen 250,000 a yankin Sahel, ya kashe kusan 25,000. A 2010 aka fara sabuwar allura a Burkina Faso da Mali da Nijar, kuma nau'in ƙwayar cutar da ta fi haddasa waɗancan annobobi ya kusa ɓacewa. Wasu nau'o'in suna nan, shi ya sa har yanzu ake jin ɓullarsa a jihar nan lokacin zafi da ƙura, amma ba irin ta da ba.

Akwai wani abu da iyaye mata suka riga suka karɓa, wanda ya kamata kowa ya tsaya ya dube shi da kyau. Tun 2013, duk damina, daga wajen Yuli zuwa Oktoba, ana bin gidaje ana ba yara daga wata uku zuwa ƙasa da shekara biyar maganin masassarar cizon sauro, kwana uku a jere kowane wata. Yaron lafiyarsa ƙalau, yana wasa, aka kira shi aka ba shi magani mai ɗaci. Gwaje-gwajen da aka yi kafin a amince da tsarin sun nuna yana rage kamuwa da kusan kashi uku cikin huɗu. Wannan ita ce zuciyar rigakafi: a yi wa mai lafiya wani abu domin kada ya zama majinyaci. Kuma amfaninta ya fi girma a wuri irin Bune fiye da Yamai. Mutumin birni in ciwo ya kayar da shi cikin dare, asibiti yana kusa. Wanda ke wani ƙauye a bayan tudun rairayi sai an nemi amalanke ko babur a kai shi cibiyar lafiya, in abin ya fi ƙarfinta a wuce Gure, in ya fi ƙarfin Gure a kama hanyar Zinder, tafiyar da ta haura kilomita 150. Kowane zango kuɗi ne, kuma kowane zango jikin yana ƙara lalacewa. Mutanen yankin nan sun san ba a jiran tudun rairayi ya binne kwari da dabinonsa sannan a ɗauko shebur. Tun yana nesa ake kafa masa shingen kara da rassan goriba. Jiki ma haka yake.

Gardamar da wannan darasi yake kawowa ita ce, an yi wa yara wannan aiki, ko da bai kammala ba, amma manya an bar su a baya, su ma sun bar kansu. Yaron da sange da allura suka tsare a 2005 yanzu saurayi ne. Iyayensa kuwa sun shiga shekarun da wasu cututtuka ke jiran su, waɗanda sauro ba ya kawowa kuma ba a ɗauka daga maƙwabci. Babbarsu ita ce hawan jini. Binciken da ma'aikatar lafiya ta yi a faɗin ƙasa a 2021 ya nuna fiye da mutum ɗaya cikin kowane manya huɗu yana da shi. A duniya baki ɗaya, kusan rabin masu shi ba su san suna da shi ba, dalili kuwa ba ya zafi, ba ya ƙaiƙayi, sau da yawa ko ciwon kai ba ya sa wa. Shekara da shekaru yana cin jijiyoyin ƙwaƙwalwa da zuciya da ƙoda da ido a ɓoye. Ranar da ya bayyana ita ce ranar da za a ce wane ya faɗi a bayi, bakinsa ya karkace, ɓarin jikinsa ya shanye. Sai a ce iska ce ta buge shi, ko an jefe shi, a shiga neman wanda za a zarga, alhali abin da ya kayar da shi da an gano shi shekara goma da suka wuce cikin minti biyar, da abin awon da ake ɗaurawa a damtse. Ma'aikatan lafiya a nan sukan faɗi awon da lamba biyu, su ce sha biyu da takwas, ko sha huɗu da tara. In an auna mutum yana zaune a natse, a ranaku biyu daban-daban, aka samu 14 da 9 ko sama, to yana da hawan jini ko da yana jin ƙarfinsa kamar doki. Nazarin da ya tattara gwaje-gwaje masu yawa ya nuna cewa saukar da lambar sama da ɗaya tak, misali daga 16 zuwa 15, yana rage haɗarin shanyewar ɓarin jiki da kusan kashi ɗaya cikin huɗu.

A nan dole a yi maganar gishiri da kanwa, kuma a yi ta da ladabi, domin ƙasar Manga da su aka san ta. Mangul da kanwar da ake haƙa a kwaruruwan Gure da Maine-Sorowa sun ciyar da gidaje tun kaka da kakanni, ayari ya kai su Kano da gaba da Kano, kuma dabbobi ba sa ƙiba sai da su. Babu mai cewa a daina wannan sana'a. Sai dai abin da ke ɗaga jini a cikin gishiri wani sinadari ne da ake kira sodiyam, kuma yana cikin kanwa, yana cikin dunƙulen miya da aka saba jefawa biyu uku a tukunya ɗaya bayan an riga an sa gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce abin da babba zai ci a yini, in aka haɗa duka, kada ya kai giram 5 na gishiri, wato ƙaramin cokalin shayi ɗaya a shafe. A shekarun 1970 wasu likitoci biyu a asibitin koyarwa na Zariya, Davidson da Parry, sun lura da yawan masu jego da ke zuwa da kumburin jiki da haki, zuciyarsu ta gaza, har aka ƙiyasta kusan mace ɗaya cikin kowace haihuwa ɗari a yankin. Sun danganta abin da kunun kanwa mai yawa da ake ɗura wa mai jego kwana arba'in, tare da wankan ruwan zafi da kwanciya a gadon da aka hura wa wuta a ƙasa. Binciken da aka yi daga baya a Yamai da Kano ya nuna lamarin ya fi haka faɗi: akwai ƙarancin wani sinadari mai suna seleniyam a jiki, akwai talauci da ƙarancin abinci, kuma ana samun ciwon ga matan da ba su sha kunun ba. Gaskiya ce a faɗi wannan. Amma babu likitan da zai ce lodin kanwa alheri ne ga zuciyar da ta gama ɗaukar ciki wata tara. Kunu ya zauna, gero da madara da gyaɗa su ƙaru a ciki, kanwar ce za a rage sosai. Kuma mai jegon da ƙafafunta suka kumbura ko numfashi ke gagararta in ta kwanta, cibiyar lafiya za a kai ta ranar nan.

Cewa rage gishiri yana aiki a ƙauye, an gwada. A ƙasar Sin an bi mutum kusan 21,000 a ƙauyuka 600 na tsawon wajen shekara biyar, aka ba rabinsu gishirin da aka rage wa sodiyam, kuma sakamakon da aka buga a 2021 ya nuna shanyewar ɓarin jiki ta ragu a cikinsu da kashi 14 cikin ɗari. Manoma ne masu girki a gida kamar mu. Taba kuwa shari'arta ta daɗe da ƙarewa: likitocin Ingila da aka bi rayuwarsu daga 1951 har shekara hamsin, masu shan sigari a cikinsu sun rasa kusan shekara goma, wanda ya bari yana da arba'in ya maido da wajen tara, wanda ya bari yana da sittin ya maido da uku. Tabar gari da ake haɗawa da kanwa a cusa a leɓe ita ma tana kawo dajin baki. Sai shayin fada, zagaye uku, kowanne da sukarin da cokali zai kusa tsayawa a ciki, safe da yamma da dare. A ɗaya ɓangaren, mutumin karkara yana riƙe da abubuwan da mutanen birni ke biyan kuɗi su samu: gero da dawa da ba a cire musu dusa duka ba, wake, zogale, kuka, yakuwa, da tafiyar ƙasa da aikin gona. Haɗarin yana zuwa ne ranar da mutum ya samu ɗan hali, ya sayi babur, ya zauna a shago, ya koma farar shinkafa da taliya da lemon kwalba, jama'a kuma suna yi masa barka da tumbi.

To, akwai masu ja, kuma ba a raina hujjarsu. Ta farko ita ce ta ajali: in kwana ya ƙare ba makawa, in da sauran shan ruwa babu abin da zai kashe ka. Wannan gaskiya ce da kowane musulmi ya yi imani da ita. Amma babu wanda aka nuna wa ranarsa, kuma wanda ya ƙaddara ajali shi ne ya ƙaddara sababi. Manomin da ya san arziki na Allah ne bai taɓa ƙin shuka ba saboda haka. Tarihi ya kawo cewa Sayyidina Umar ya kama hanyar Sham, da ya samu labarin annoba ta ɓarke a can sai ya shawarci sahabbai ya juya da mutanensa, ya kuma bayyana wa masu tambaya cewa juyawar ita ma cikin ƙaddara take. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, da iliminsa da tawakkalinsa, ya zauna ya rubuta littattafai kan magani, har da na ciwon ido da na basir. Kuma hawan jini ba kullum yake kashewa nan take ba. Sau da yawa yakan bar mutum shekara biyar ko goma a kan tabarma, sai an juya shi, sai an yi masa alwala. Ko da awo bai ƙara wa mutum kwana ɗaya ba, ya isa dalili in zai sa ya yi kwanakinsa a tsaye, yana zuwa masallaci da ƙafarsa.

Ta biyu ita ce ta kakanni: sun sha kanwa, sun tauna taba, ba su san allura ba, ga shi sun kai casa'in. Wanda ya kai casa'in muna ganinsa, muna jin labarinsa daga bakinsa. Ƴan'uwansa shida da dusa da tarin lala da zawo suka ɗauke, da ƙanwarsa da ta rasu wurin haihuwa, ba sa zaune a ƙofar gida balle a tambaye su. Lissafin 1960 shi ne ya ƙirga da su. Ban da haka, kakan nan bai san dunƙule ba, bai san lemon kwalba ba, sukari sai da salla, kuma ƙafarsa ce motarsa har ya tsufa.

Ta uku ta fi nauyi, ita ce ta talauci. Wanda rumbunsa ya ƙare tun kafin damina ta tsaya, za a zo a ce masa ya kula da abin da yake ci? A jihar da binciken abinci na shekara-shekara yake samun kusan rabin yara, wani lokaci fiye, sun tsumbure saboda tamowa, wannan tambaya tana da hakki. Haka kuma kowa ya san kyautar magani ta 2006 ta sha yin tangal-tangal, domin gwamnati takan yi jinkirin biyan cibiyoyi kuɗinsu, uwa ta je a ce mata maganin ya ƙare, ta saya a waje. Maganin hawan jini kuwa ba ya cikin kyautar, kuma ba na mako ɗaya ba ne. Duk wannan nauyi ne a wuyan hukuma, kuma jama'a suna da damar su matsa wa kwamitin kula da cibiyarsu da zaɓaɓɓunsu a kai. Amma talauci hujja ce ta a ƙara riƙo da rigakafi. Mai kuɗi in ƙodarsa ta mutu zai nemi wankin ƙoda a babban asibitin birni. Talaka sai ya sayar da awaki, sannan saniya, sannan gona, ƙarshe a dawo da shi gida. Rage dunƙule, barin taba, rage sukari, duk kuɗi suke maidowa aljihu. Shayar da jariri nono zalla wata shida ba tare da ruwa ba, da ba uwa hutun aƙalla shekara biyu kafin wani cikin, da wanke hannu da sabulu ko toka, da kwana cikin sange maimakon a yi shingen lambu da shi, ba su da farashi.

Akwai kuma rashin yarda da allura, kuma yana da tushe. A 1996, cikin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya yi gwajin wani sabon magani da ya shafi yara wajen 200. Goma sha ɗaya suka rasu, aka yi shekaru ana shari'a kan ko an nemi yardar iyayensu yadda ya kamata. Wannan tabo yana cikin abin da ya sa aka dakatar da ɗigon shan inna a Kano a 2003. Sai dai a duba abin da ya biyo baya: cutar ta sake bazuwa, ta ƙetara iyaka zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita, yaran da suka shanye kuwa na talakawa ne. Da malamai da sarakuna suka shiga aka koma ɗigon, a watan Agusta 2020 aka shelanta cewa nahiyar Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali. Hakkin uba ne ya tambayi sunan allura, da cutar da take tsarewa, da abin da kan biyo bayanta na zafin jiki, kuma wajibin ma'aikaci ne ya amsa masa ba da tsawa ba. Rufe ƙofa kuwa yaron ne yake biyan kuɗinsa, kamar yadda aka gani da mashaƙo ya ɓulla a jihar nan a 2023, ya fi kama waɗanda ba su cika allurarsu ba.

Wuri mafi wuya shi ne bayan an gano ciwon. Mutum ya sha ƙwayar hawan jini wata ɗaya, aka auna aka ce jini ya sauka, sai ya ce ya warke ya ajiye. Saukar nan aikin ƙwayar ce, ranar da aka bar ta jinin zai koma inda yake, kuma babu wanda zai canza ta ko ya tsayar da ita sai ma'aikacin lafiya. Ƙwayoyin ciwon jiki da ake saye a faranti a kasuwa, waɗanda suka sha rana, wasunsu suna ɗaga jini suna kuma cin ƙoda in aka dawwama a kansu. A nan maigida yake da babban matsayi, tunda izini da kuɗin hanya a hannunsa suke. Wannan fahimta ce ta sa aka fara makarantar mazaje a jihar Damagaram a 2008 da tallafin asusun UNFPA na Majalisar Ɗinkin Duniya, inda magidanta ke zama su tattauna awon ciki da haihuwa a cibiyar lafiya, tsarin da daga baya ya bazu zuwa sauran jihohi da wasu ƙasashen maƙwabta. Mai ciki ana auna jininta duk zuwa awo domin a tare jijjiga. Shi maigidan da ya rako ta yakan tsaya a waje ƙarƙashin bishiya, alhali abin awon da aka ɗaura mata zai shiga damtsensa shi ma.

Aikin aji na wannan mako kashi biyu ne, kuma duka rubutu da lissafi ne. Kowa zai zauna da mai girkin gidansu, ya rubuta cokali nawa na gishiri, dunƙule nawa, da kanwa nawa suka shiga tukunya daga safe zuwa dare, sannan ya raba da yawan masu ci. Mu ɗauka dunƙule ɗaya wajen rabinsa gishiri ne. Bayan haka, duk wanda ya kai shekara talatin, mace ko namiji, zai je cibiyar lafiya mafi kusa ranar kasuwa, ya huta minti biyar a zaune, a auna shi, ya rubuta lambobin biyu da kwanan wata da hannunsa a bayan littafinsa. Wanda aka samu da 14 da 9 ko sama zai koma wata rana a sake aunawa, ya zo da lambobin duka biyu.